Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Filato: wa zai yi mana lissafin kuɗin wuta?

Mai girma Shugaban Majalisa, masu girma wakilanmu, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, da fama da jama'a.

Ni malamin jami'a ne a nan Jos, a fannin tattalin arziki. Abin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa shi ne kasuwar wutar lantarki: wa ke samar da ita, wa ke dakonta, wa ke sayarwa, a kan nawa, kuma wa ke cike giɓi idan kuɗin da aka tara bai kai ba. A unguwarmu dai an san ina "karatun wuta". Shi ya sa daren da taransifomarmu ta yi tartsatsi ta mutu, ana idar da sallar isha'i sai ga yara uku da tocila a ƙofar gida, wai Mai Unguwa ya ce Dakta ya zo ya duba. Na sa rigar sanyi na bi su. Na tsaya gaban ƙarfen nan yana ta warin ƙonannen mai, jama'a sun buɗa mini hanya kamar likita ya iso, na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ko fis ban iya canzawa ba." Tsohon ya ɗaga tocila ya haske fuskata, ya ce, "To Dakta, duk shekarun nan me kake karantawa?" Aka kwashe da dariya, har da ni.

Washegari aka fara karo-karo gida-gida, masu shago ninki biyu. Sai da kuɗi suka haɗu sannan wani mai walda, wanda ya fi kowa zubawa saboda shi ya fi kowa asara, ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce, "Dakta, in mun saya da kuɗinmu, ta wa ce? Kuma za a rage mana a bil?" Wannan tambaya ita ce karatun nawa. Ƙa'idar hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ce gyara da sauya taransifoma haƙƙin kamfanin rarraba wuta ne, kuma idan jama'a za su sa kuɗinsu sai an yi yarjejeniya a rubuce tun farko kan yadda za a mayar musu. Babu wanda ya san da haka a cikinmu sai ni, ni kuma an neme ni ne don in riƙe sukuddireba.

A da, amsar irin wannan tambaya tana Abuja. Yanzu ta dawo hannunku. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. A watan Yuni na shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki da ta maye gurbin ta 2005. Wannan majalisa ta yi tata dokar, aka kafa hukumar jiha, kuma a 2025 NERC ta miƙa mata ragamar kasuwar cikin Filato. Na yi murna, kuma na yaba muku. Dalilin wannan wasiƙa shi ne abin da ya biyo bayan murnar a raina, wato tambayar su wa za su riƙe ragamar, kuma a ina aka horar da su.

Ku ba ni dama in bayyana abin da ake nufi da yanke farashin wuta, don mutane da yawa, har da masu digiri, sun ɗauka wani ne ke zama a ofis ya faɗi lamba. Kowane yunit da mita ta cinye, a cikinsa akwai kuɗin iskar gas da aka ƙona a tasha, wanda farashinsa ke bin dala. Akwai kuɗin dakon wutar a manyan layuka. Akwai kuɗin waya da turaku da albashin ma'aikata da ribar wanda ya zuba jari. Sannan akwai kason da ya fi kowanne rigima, wato asara: wutar da ta zurare a tsohuwar waya, da wadda aka sace ta bayan mita, da wadda aka sha aka ƙi biya. Hukuma ce ke yanke yawan asarar da za a yarda kamfani ya ɗora wa masu biya, da wadda zai ɗauka a aljihunsa don sakacinsa ne. A matsar da wannan lamba ɗaya kaɗan sama, talakan da ke biyan bil ɗinsa kan kari ya biya wa ɓarawo. A matsar da ita ƙasa fiye da kima, kamfani ya kasa sayen ko turke ɗaya, wuta ta ƙara lalacewa. Ranar da za a zauna kan wannan lamba, kamfani zai zo da ƙwararrun da ya ɗauko haya daga Legas, da kwamfuta cike da lissafi, da lauya. Ina so ku tambayi kanku wa zai zauna a ɗaya gefen teburin a madadin mai walda, wanda zai iya buɗe lissafin nan ya ce layi na arba'in ba daidai ba ne.

Mun ga yadda abin ke kasancewa. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin rukunin A, wato masu samun wuta mafi daɗewa a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 a yunit, bisa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga baya aka ɗan sauko da shi. A watan Yuli na 2025 hukumar jihar Enugu ta yi nata lissafin ta rage na rukunin A daga kimanin naira 209 zuwa 160, nan take kamfanonin samar da wuta suka yi ca, NERC kuma ta ce jiha ba ta da hurumin ta yi rangwame a kan wutar da ta fito daga babban layin ƙasa, wadda ake bin gwamnatin tarayya bashin tallafinta. A ganina kowane ɓangare yana da abin kamawa. Abin da ya burge ni shi ne Enugu ta sami mutanen da suka iya buɗe littafin kamfani har aka yi gardama da lambobi. Irin wannan rana tana tafe gare mu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin kunyar shi ne jihohi kaɗan ne suka kai mu tsufa a wannan sana'a. Tun 1929 kamfanin NESCO ke samar da wuta daga ruwan Kura don ma'aikatun kuza, lokacin da manyan biranen Arewa da yawa ke kwana da fitilar aci-bal-bal. An kafa hukumar lantarki ta ECN, an kafa hukumar madatsun kogin Neja, an gina Kainji a 1968, an haɗe su an yi NEPA a 1972, an wargaza ta an yi PHCN, an sayar da gutsattsarinta a watan Nuwamba na 2013, duk NESCO yana nan Bukuru yana sayar da wutarsa a matsayin kamfani mai zaman kansa. Duk wanda ya tashi a Jos ya san yadda mutanen da ke kan layinsa suke yi wa sauranmu alfahari. Kusan shekara ɗari ke nan ana gudanar da ƙaramar kasuwar wuta ta ruwa a bayan gidanmu, abin da masana a wasu ƙasashe ke rubuta littattafai a kansa. Yadda ruwa ke ja baya da rani, yadda aka riƙa sa farashi, yadda aka rayu bayan kuza ta faɗi, duk darasi ne ga hukumar da kuka kafa. Ya kamata a ce akwai shiryayye guda a ɗakin karatun jami'a cike da kundayen bincike a kan wannan kaɗai.

Na san abin da wasunku za su ce, don na sha ji: matsalar wuta ta injiniyoyi ce, a kawo injuna, a shimfiɗa farantan sola, magana ta ƙare. Ina girmama injiniyoyi, da su nake shan shayi. Amma ku tuna 2016. A shekarar kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 kan gina manyan tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,100, akasarinsu a Arewa, har da mai megawat 70 a nan Filato. Farashin da aka amince shi ne santi 11.5 na dala a yunit. A daidai wannan lokaci Zambiya ta yi gwanjo a fili ta samu tayin kusan santi 6. Sai gwamnati ta ga kamar an yi mata tsada, ta nemi a rage, aka kuma cije kan takardar lamunin da masu ba da bashi ke nema kafin su saki kuɗi. Shekaru suka shuɗe a haka, ba a gina su ba. Rana tana nan tana faɗuwa a kan filayen, injiniyoyi suna nan da zanensu. Takarda ce ta kashe aikin: yadda aka zaɓi kamfanonin ba tare da gasa ba, da rashin sanin wa zai ɗauki asara idan mai saye ya kasa biya. Afirka ta Kudu kuwa tun 2011 take gwanjon sola da iska zagaye-zagaye, farashi na sauka, kuma malaman Jami'ar Cape Town irin su Farfesa Anton Eberhard sun bi kowane zagaye da nazari, abin da ya yi kyau da wanda ya ɓaci duk a rubuce, mai tsara na gaba ya karanta.

To mu me ya hana mu? Nan zan yi maganar gidanmu, ko da abokan aikina za su ji haushi.

Wanda ya zaɓi wannan fanni a jami'ar Nijeriya maraya ne. Sashen injiniya ya ce wannan ai tattalin arziki ne. Sashen tattalin arziki ya ce yaro ya cika maganar megawat, ya koma can. Masu shari'a su ce dokar ce tasu, lissafin ba nasu ba. Ɗalibin digiri na biyu kan yi wata shida yana yawo da takarda kafin ya sami mai duba shi. Jami'ar Ibadan ta magance wannan da cibiyar da ta haɗa tattalin arzikin makamashi da doka a rufi ɗaya. Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki kan fasahar sola. Mu muna da jami'ar tarayya tun 1975, da ta jiha a Bokkos, da cibiyar nazarin manufofi ta Kuru tun 1979 a bakin ƙofarmu, da tashoshin ruwa a bayan gida, amma ba mu haɗa su wuri guda ba.

Sai maganar ƙarin girma. Ana auna malami da yawan maƙalun da ya buga a mujallun masana, musamman na waje. Maƙala kuwa sai da lambobi. Ina zaune a ofishina zan iya sauko da farashin wutar Jamus na kowace awa, na shekaru, kyauta, kafin shayina ya huce. Amma awa nawa layin da ke ba Dilimi wuta ya yi aiki a watan jiya, yunit nawa aka tura masa, nawa aka yi bil, nawa aka karɓa, wannan sai da rubuta wasiƙa. Na taɓa rubutawa wani ofishi, ba zan kama suna ba. Zuwa na farko oga ya yi tafiya. Na biyu fayil ɗin yana sama. Na uku wani matashi mai kirki ya raka ni har bakin mota, ya rage murya ya ce, "Malam, gaskiya ka haƙura, babu mai sa hannu a wannan." Na haƙura, na rubuta maƙalata a kan Jamus, aka buga, aka ƙara mini girma. Ban taɓa jin ƙarin girman da ya ɗaure mini kai irin wannan ba.

Wata ɗalibata ta ƙi haƙura. Ta sayi littafin rubutu mai bango ja ta raba wa masu injin yankan katako a Katako da wasu masu niƙa, ta roƙe su su riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, da litar man da suka zuba wa janareta. Wani dattijo bai iya boko ba, ya riƙa yi mata da ajami, jikansa na karanta mata. Na ga littafin, duk shafukan sun yi baƙi da garin katako da tabon man inji. Abin da ya fito fili a ciki kowa ya san shi a jikinsa amma ba a rubuce ba: ƙaramin janareta da ƙyar yake ba ka yunit biyu a lita, don haka ka raba kuɗin litar fetur biyu ka ga abin da mai niƙa ke biya a yunit tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Ya ninka na rukunin A. Mutumin da ake cewa ba zai iya biyan kuɗin wuta ba shi ne ke biyan mafi tsada a garin. Abin da yake ƙi shi ne biyan bil ɗin ƙiyasi na wutar da bai gani ba. Yarinyar nan ta gama da sakamako mai kyau, na so ta zarce digirin digirgir, babu kuɗin tallafi, yanzu tana aikin banki a Abuja. Ban ga laifinta ba. Littafin mai bango ja yana cikin durowata.

Ga abin da nake roƙo, ranku ya daɗe, kuma mafi girmansa ba ya cin ko kwabo. Ku sa a doka cewa duk mai lasisin sayar da wuta a Filato, babba ko ƙarami, zai riƙa fitar da lambobinsa kowane wata, layi-layi: awannin wuta, yunit ɗin da ya shiga, wanda aka yi bil, kuɗin da aka karɓa, yawan masu mita da marasa mita. A sa a intanet yadda kowa zai sauko da shi ya yi lissafi, kada a kulle shi a hoton takarda. Ba sunan kowa ake nema ba, jimilla ce. Kamfanin da ke cin kasuwa shi kaɗai ba shi da abokin gasar da zai ɓoye wa sirri. Ranar da aka yi haka, ɗalibi a Unguwar Rogo zai iya gwada alkawarin awa 20 da abin da ya gani da idonsa, kuma ku kanku za ku sami abin riƙewa idan kun kira shugabannin kamfani gaban kwamiti.

Bayan haka, daga kuɗin da hukumar jiha za ta riƙa karɓa a hannun masu lasisi, a ware ɗan kaso a doka don ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na biyu da na uku da za su yi bincike kan kasuwar wutar Filato, injiniya da mai tattalin arziki da lauya a ɗaki ɗaya. Ko biyar a shekara sun isa farawa. A buɗe ƙofa malami ya je hukuma ya yi shekara, ma'aikacin hukuma ya zo aji ya koyar. Amma ku ɗaure mu da sharaɗi, don na san halinmu: duk binciken da aka biya da kuɗin jama'a a fitar da shi, ko ya yi wa gwamnati daɗi ko bai yi ba, kuma mai shi ya zo zauren jin ra'ayin jama'a ya bayyana shi da Hausa da harsunan mutanen wurin. In ba haka ba, cikin shekara uku za ku tarar kun haifi wata cibiyar taron bita, da jaka da biro da kuɗin zama, malamai sun koma 'yan amshin shata.

Tambayoyin da ke jiran waɗannan yara ba na wasa ba ne. Ku hau Rayfield ku dubi rufin gidaje, farantan sola sai ƙaruwa suke. Duk mai hali da ya sayi batir da inbata ya rage sayen wutar layi, alhali kuɗin waya da turaku bai ragu ba, sai a raba shi a kan waɗanda suka rage, wato marasa hali. Wannan rami ne da ke haƙa kansa, kuma tsarin farashi ne kaɗai ke iya tare shi. Ga ƙananan tashoshin sola na gari, irin waɗanda aka kafa a ƙauyukan Shendam: idan babban layi ya iso garin, wa zai biya wanda ya zuba jarinsa? Idan ba a amsa wannan da kyau a dokar jiha ba, babu mai sake zuwa. Ga dankalin Bokkos da Mangu, ga tumatirin da ke ruɓewa a Farin Gada kafin la'asar. Ɗakin sanyi yana son wuta da tsakar rana, daidai lokacin da sola ta fi arha, amma sai an tsara farashin da zai sa mai ɗakin da mai tashar su ci riba tare. Sannan ga baiwar da Allah ya yi mana wadda ba kowace jiha ke da ita ba: da damina, lokacin da hadari ke rufe rana a watan Agusta, madatsunmu a cike suke, da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, rana tana nan tar, ga sanyin tudu da farantan sola ke so. Yadda za a aurar da biyun nan a kwangila ɗaya aikin digirin digirgir ne guda, ko biyu.

Kuma kada mu manta da watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta yi kwanaki a duhu. Ƙasar da ke da injunan da aka ce za su iya ba da megawat 13,000, amma abin da ke isa ga mutane yawanci bai wuce 4,000 zuwa 5,000 ba, ba abin jingina ba ce ga jihar da ke da ruwa da rana nata. Nawa ne ya kamata mu biya don mu sami namu na ko-ta-kwana, asibitoci da gidan ruwa su tsira ranar da babban layi ya faɗi? Akwai hanyar lissafa wannan, ana koyar da ita, kuma yaranmu za su iya.

Na ji an ce majalisa kan buɗe ƙofa idan za a duba kasafin hukumomi. In Allah ya kai mu zan zo, da ɗalibai biyu da littafin nan mai bango ja, in kwamitinku na lantarki zai ba mu minti goma sha biyar. Mai waldan ma ya ce zai rufe shago ya biyo mu. Rasidin taransifomar yana wurin Mai Unguwa a cikin leda, ya ce in za a je a gaya masa da wuri ya ba da shi.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
wani malamin jami'a,
Jos.